Daniel Marot da hijirar adon fadar Versailles

A shekara ta 1703 aka buga wani littafi a birnin La Haye na ƙasar Holand, wanda kusan babu abin karantawa a cikinsa. Zane ne tun daga bango har bango: gadaje masu rumfa, kujeru, madubai, agoguna, rufin ɗaki, matakalar bene, lambuna, har da kaburbura. A shafin farko an rubuta sunan mai aikin da Faransanci, wato Daniel Marot, aka biyo da muƙaminsa na mai tsara gine-ginen Wiliyam na 3, sarkin Ingila, wanda a lokacin ya shekara guda da rasuwa. Duk wanda ya san siyasar Turai ta wancan zamani zai ɗan dakata a kan wannan layi. Marot haifaffen Paris ne, a can ya koyi sana'a, a tsakiyar mutanen da suke yi wa sarki Luwi na 14 aiki. Shi kuwa Wiliyam, wanda littattafan lakwal ɗinmu suke kira Guillaume d'Orange, babu mahaluƙin da ya kai shi gaba da Luwi, domin shekara talatin cur ya yi yana haɗa masa taron dangi. To, yaya aka yi ɗan gida ya koma yana ƙawata ɗakin abokin gaba?

Kafin mu kai ga amsa, ya kamata mai karatu ya san irin sana'ar da ake magana a kanta. Faransawa suna kiran mai ita ornemaniste, wato mai zanen ado. Wanda ya taɓa zama a rumfar masu aikin babbar riga ya san cewa malamin da ya zana aska takwas a kan ƙyalle da alƙalami, sau da yawa wani ne daban da wanda zai riƙe allura. Haka abin yake a Turai ta ƙarni na 17. Mai zanen ado ba ya sassaƙa, ba ya ƙira, ba ya saƙa. Yana fitar da siffa ne a takarda, sa'an nan kafinta da maƙerin farin ƙarfe da masaƙi da mai shafen bango kowa ya ɗauki abin da ya shafe shi. Abin da ya ba wannan sana'a ƙarfin da ba a zata ba shi ne allon tagulla. Ana shafa wa allon wani irin kaki, a zana siffar da tsinin allura har ta taɓa ƙarfen, a zuba ruwan asid ya ci wuraren da allurar ta buɗe, a cusa tawada cikin ramukan, a matse da takarda mai laima. Allo guda yana iya haifar da ɗaruruwan kofi. Akan sayar da su shida-shida, da kuɗin da mai sana'a zai iya biya. Kuma da yake masu zanen ƴan kasuwa ne, sukan raba hoto biyu: gefen dama da ado iri ɗaya, gefen hagu da wani iri, mai saye ya zaɓi wanda ya kwanta masa.

Luwi na 14 da wazirinsa Colbert sun gane da wuri cewa ado ma makamin mulki ne. A shekara ta 1662 Colbert ya saya wa sarki gidan Gobelins da ke Paris, ya tara masu sana'a iri-iri a cikinsa, a shekarar da ta biyo kuma aka ɗora mai zane Charles Le Brun a kansu. Nufin shi ne duk abin da zai shiga fada, daga shimfiɗar ƙasa har zuwa mariƙin ƙofa, ya fito daga tunani guda, ta yadda jakadan da ya shigo zai ji girman sarki ya danne shi tun kafin sarki ya buɗe baki. A shekara ta 1674 aka naɗa Jean Berain mai zanen ɗakin sarki, shi ne mai tsara kayan wasanni da bukukuwa da jana'izar ƴaƴan sarauta. A 1682 fada ta tare a Versailles.

Sai dai akwai wani abu da masu yabon «basirar Faransa» ba su cika son a tuna ba. Wannan ado da ake tinƙaho da shi, baƙi ne suka kawo shi. Sarki Faransuwa na 1 ne ya gayyato ƴan Italiya, Rosso a 1530 da Primaticcio a 1532, suka ƙawata fadar Fontainebleau. Su kuma sun gaji siffofin da aka tono a kangon fadar Nero ta birnin Rum wajen ƙarshen ƙarni na 15, inda ganye yake rikiɗa ya zama mutum, mutum ya zama tsuntsu. A shekara ta 1530 ɗin nan dai wani ɗan Italiya, Francesco Pellegrino, ya buga littafin zane a Paris wanda tun a sunansa ya amsa cewa salon Larabawa yake bi, wato saƙar layukan nan masu shiga juna da Turawa suka gani a tasoshin tagulla da bangon littattafan da suke zuwa daga ƙasashen Musulmi. Ko a zamanin Luwi na 14 kansa, manyan masaƙan Gobelins mutanen Flandre ne, Domenico Cucci mai yin akwatunan sarki ɗan Italiya ne, Pierre Gole kafintan fada kuwa mutumin Holand ne. Paris ta tara, ta tace, ta buga hatiminta.

Cikin wannan duniya aka haifi Daniel Marot wajen shekara ta 1661. Mahaifinsa, Jean Marot, mai tsara gine-gine ne kuma gwanin allon tagulla, wanda har yau masana suke komawa ga zanensa idan suna son sanin kamannin gidajen Paris da suka rushe. Gidansu yana da dangantakar aure da gidan Gole da muka ambata. Yaron ya tashi da allura a hannu, kuma tun yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai an riga an amince masa ya sauke zanen Berain a kan tagulla, ciki har da adon jana'izar sarauniya Marie-Thérèse a 1683. Hanya ta buɗe masa ke nan, in ban da abu guda: gidan Marot ƴan Furotesta ne, waɗanda ake yi wa laƙabi da Huguenots.

Tun shekara ta 1598 akwai dokar Nantes, wadda sarki Hanri na 4 ya kafa bayan yaƙe-yaƙen addini, ta ba ƴan Furotesta damar yin ibadarsu cikin ƙasar da mafi yawanta ƴan Katolika ne. Jikansa Luwi ya yi ta zaizaye wannan doka sannu a hankali. Daga 1681 aka fara sauke sojoji a gidajen ƴan Furotesta, su ci, su sha, su fasa, har sai mai gida ya sa hannu cewa ya tuba. A watan Oktoba na 1685 sarki ya soke dokar baki ɗaya. Aka rushe majami'unsu, aka ba fastoci kwana 15 su bar ƙasa. Sauran jama'a kuwa aka hana su fita: namijin da aka kama a hanya sai tuƙin jirgin ruwan sarki cikin sarƙa, mace sai kurkuku. Duk da haka mutum wajen 200.000 suka sulale, wasu ta teku, wasu ta duwatsu, suka nufi Holand da Ingila da Suwis da ƙasashen Jamus. Da yawansu masu sana'ar hannu ne. Bayan shekara huɗu sai ga Vauban, babban mai gina ganuwoyin sarki, ya rubuta takarda yana roƙon a maido su, yana lissafa sojoji da matuƙan jirgi da dukiya da sana'o'in da ƙasa ta yi asara. Ba a saurare shi ba.

A shekara ta 1686 Marot yana La Haye, har ya fitar da hoton wata babbar liyafa da aka yi don girmama Wiliyam a fadar Huis ten Bosch. Ya kamata a tuna wane ne wannan Wiliyam. A 1672 rundunar Luwi ta mamaye Holand, har mutanen ƙasar suka fasa madatsun ruwa suka nutsar da gonakinsu da hannunsu don su tare ta, kuma cikin wannan tashin hankali ne aka miƙa wa Wiliyam ragama yana ɗan shekara 21. Mutum zai zaci irin wannan basarake zai ƙyamaci duk abin da ya fito daga Paris. Ina! Ya ƙi jinin Luwi, amma ya san cewa a idon sarakunan Turai ma'aunin girma guda ne, kuma a Versailles aka ajiye shi. Da ma ya sayi wani wurin farauta kusa da Apeldoorn a 1684, inda Jacob Roman yake gina masa fadar Het Loo. Sai ga Allah ya kawo masa yaron da ya san sirrin fadar abokin gabansa ciki da waje, kuma ba shi da gidan komawa. Aka damƙa masa cikin fadar, aka sa hannunsa a tsarin lambun.

Abin da Marot ya kawo Holand ya wuce ganye da furanni. Kafin zuwansa, attajirin Amsterdam yakan sayi akwati a nan, kujera a can, ya jera su yadda suka samu. Marot ya zo da darasin Le Brun: ɗaki abu guda ne. Siffar da ke jikin labule ita za a gani a bayan kujera, a sake ganinta a rufin ɗaki, in an leƙa ta taga kuma a same ta a shimfiɗe a ƙasa cikin lambu. Irin wannan lambu Faransawa da kansu sunan ɗinki suke ba shi, parterre de broderie, domin da wani ɗan itace mai suna buis ake yin layukan, a aske shi gajere, a cike tsakani da tsakuwa mai launi, sai ka rantse gaban riga ne aka shimfiɗa. Ya rage girman abin don ya dace da ƙananan ɗakunan Holand, ya musanya marmara da zinariya da katako da fenti da yadi. A ganina a nan gwanintarsa take: ya san yadda ake yin fada da kuɗin ɗan kasuwa.

Wuri biyu ne hannunsa ya fi fitowa fili. Na farko gado. A fadojin wancan lokaci gadon alfarma kujerar mulki ce ta biyu, a gabansa ake karɓar manyan baƙi, kuma sau da yawa babu mai kwana a kansa. Gadajen da Marot ya zana dogaye ne ƙwarai, katakonsu a sassaƙe amma an lulluɓe shi da yadi har ba a ganinsa, ga geza ga tuntaye suna reto. Mai son ganin irinsu sai ya je gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, inda aka ajiye gadon da aka yi wa basarake Melville na ƙasar Ekos wajen shekara ta 1700, da jan karan-miski da farin siliki na Sin, tsayinsa ya haura mita 4. Melville ɗin ma gudun hijira ya taɓa yi a Holand.

Na biyu kuwa, matan ƙasarmu za su gane shi nan take, domin jere ne. Sarauniya Maryamu, matar Wiliyam, mayyar tangaran ce, na Sin da na garin Delft mai fari da shuɗi. Marot ya zana mata yadda za a jera su: a bisa murhun ɗumama ɗaki, a kan ƴan kantoci hawa-hawa har su tuƙe a sama, a gefen madubi don ɗaya ya zama biyu, a kan ƙofa, manya a ƙasa ƙanana a sama. Kwanon da aka yi don cin abinci ya zama adon bango da shaidar arzikin mai ɗaki. Yayin ya kama matan Ingila har marubuci Daniel Defoe ya yi ƙorafi a kansa bayan shekara talatin, yana ɗora wa sarauniya laifin ɓarnar kuɗin magidanta.

Ingila ta shigo labarin ne a 1688, lokacin da Wiliyam ya ƙetare teku da runduna, surukinsa sarki Yakubu na 2 ya gudu Faransa, aka naɗa shi da matarsa a 1689. A wannan shekara Marot ya zana babban lambun fadar Hampton Court mai maɓuɓɓugan ruwa 13, daga baya kuma ya zauna a Ingila na ɗan lokaci wajen 1694. Ya tarar da Landan cike da ƴan uwansa. Akwai Jean Tijou, maƙerin da ya sa baƙin ƙarfe ya yi ganye kamar an yanka shi da almakashi, wanda ya ƙera shingen lambun Hampton Court ta gefen kogi da ƙofofin cikin majami'ar Saint Paul, ya kuma buga littafin zanen ƙira a 1693. Akwai Simon Gribelin, mutumin Blois, mai zane don masu agogo da masu zobe. Akwai maƙeran azurfa irin su Pierre Harache, da masaƙan siliki na unguwar Spitalfields, inda James Leman, ɗan gidan ƴan hijira, ya bar kundin zanen yadi da ya fara tun 1706. Kada a ɗauka an tarbe su da guɗa. Maƙeran azurfa na Landan sun sha kai ƙara ga ƙungiyarsu cewa baƙi sun kwashe musu ciniki, suna zuba aiki mai yawa a kan farashi kaɗan. Ƙarar ba ta hana masu kuɗi zuwa wurin baƙin ba, kuma cikin ƴan shekaru masu ƙarar da kansu suka koma kwaikwayo.

Sarauniya Maryamu ta rasu da ciwon agana a 1694, Wiliyam ya bi ta a 1702. Sarauniya Ana da ta gaje shi ta sa aka tuge itatuwan buis na Hampton Court, an ce warinsu ne ba ta so. Marot ya rasa ubangida yana da shekara arba'in da ɗoriya, kuma ina kyautata zaton wannan ne ya sa ya tattara allunansa ya fitar da littafin 1703, ya sake fitar da wanda ya fi shi girma a Amsterdam a 1712, mai zane sama da 200. Wanda ba shi da sarki sai ya nemi kasuwa. Kafintan da bai taɓa taka fada ba, a Frise ko a wani ƙauyen Ingila, yanzu yana iya buɗe shafi ya ce wa mai gida: wanne kake so? Shi kuma Marot ya ci gaba da yi wa manyan Holand aiki. Tun a 1697 ya gama ɗakin Trêves a La Haye, inda majalisar ƙasa take karɓar jakadu, ɗakin da daga baya majalisar ministocin Holand ta yi shekaru tana zama a cikinsa. A 1734, yana da shekara saba'in da ƴan kai, ya tsara wani katafaren gida a titin Lange Voorhout don ƴar gidan Huguetan, zuriyar masu sayar da littattafai da suka gudo daga Lyon saboda dalilin da ya kore shi.

Akwai abin da hijira take yi wa mai sana'a, wanda ake gani ƙarara a aikin Marot: agogonsa ya tsaya kusa da ranar da ya fita. Paris da ya bari ta ci gaba da sauyawa. Bayan rasuwar Luwi a 1715 ado ya yi sauƙi, layuka suka karkace, aka daina tilasta wa dama ta yi daidai da hagu. Marot ya ɗan sassauta, amma har ƙarshen rayuwarsa harshen 1680 yake magana da shi, kamar ɗan ci-rani da ya daɗe a waje yana amfani da kalmomin da mutanen garinsu suka manta. Idan aka gwada shi da Nicolas Pineau sai bambancin ya fito. Pineau shi ma ya bar Faransa, amma da takardar kwangila a aljihu: a 1716 ya tafi Rasha tare da mai tsara gine-gine Le Blond, bisa gayyatar sarki Bitrus Babba. Ya sassaƙa bangon katako na ɗakin karatun sarki a Peterhof, da Le Blond ya rasu a 1719 kuma nauyin ayyuka da dama ya dawo kansa. Bayan mutuwar Bitrus a 1725 ya ɗan ƙara zama, sa'an nan ya komo Paris, ya zama ɗaya daga cikin jagororin sabon salon da ake kira rocaille. Zanensa na hannu suna nan da yawa a gidan tarihin kayan ado na Paris, kuma kowane littafin tarihin fasahar Faransa yana ba shi babi. Marot ya rasu a La Haye a 1752, ya haura shekara 90, saura shekara 35 kafin Faransa ta sake amincewa da zaman ƴan Furotesta a dokar 1787. Mai neman aikinsa sai ya je Amsterdam ko Landan.

Batun suna ma abin dariya ne mai ɗaci. A Ingila da Amurka, kayan ɗaki na wancan zamani sunan Wiliyam da Maryamu aka laƙaba musu, wato waɗanda suka biya kuɗin. A Holand kuwa, gidajen nan na bakin magudanun ruwan Amsterdam da aka ƙawata goshinsu bisa littafin Marot, salon Luwi na 14 ake kiran su, sunan mutumin da ya mamaye ƙasar a 1672 kuma ya kori mai zanen daga gidan ubansa. Masana ne kawai a tsakaninsu suke cewa salon Marot.

Fadar Het Loo ma ba ta tsira daga hannun Faransa ba. A 1806 Napoleyon ya naɗa ƙaninsa Luwi Bonaparte sarkin Holand. Shi wannan Luwi bai ga kyan lambu mai layuka ba, yayin lokacin shi ne lambu mai kama da daji. Ya sa aka binne wurin da ƙasa, aka shafe jan tubalin fadar da farin shafe. Haka ta zauna shekara wajen 170. Da hukumomin Holand suka ƙudura maido ta gidan tarihi a shekarun 1970, sai aka tone ƙasar, aka samu gindin maɓuɓɓugan ruwa da matakalu a inda aka bar su. Itatuwan da layukan kuwa sun daɗe da ruɓewa. Aka koma ga tsofaffin hotunan allon tagulla, da bayanin da Walter Harris, likitan sarki Wiliyam, ya buga a 1699, aka auna, aka ja igiya, aka sake dasawa. A shekara ta 1984 aka buɗe wa jama'a ƙofa.